Yadda za ka buɗe shafin intanet naka na Hausa da wayarka kaɗai

Yawancin masu rubutu a Katsina da Daura, daga mai sharhin wasannin Katsina United zuwa malamar da ke koyar da girki, a Facebook suka fara kuma can suka tsaya. Babu laifi, ai can jama'a suke. Sai dai wanda ya tara rubutun shekara biyar a Facebook kamar mai rumfar haya ne a kasuwa: ciniki na tafiya, amma ranar da mai rumfa ya ce a kwashe kaya, babu inda za a kai ƙara. Ranar 5 ga Yuni 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar ta 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Google+ kuwa, dandalin sada zumunta na Google, rufe shi aka yi ga jama'a a watan Afrilu 2019. Ko duk wannan bai faru ba, gwada nemo wani dogon rubutu da ka yi bara a Facebook ka ga yadda yatsanka zai gaji.

Ba cewa nake ka bar Facebook ba. Ka mallaki adireshin da yake naka, rubutunka ya zauna a can, Facebook da WhatsApp su zama hanyar kai mutane wurin. Ga yadda ake yi, kuma kusan duka ana iya yinsa da wayar Android.

Mataki na 1: Imel da tsaronsa, kafin komai

Buɗe sabon Gmail na shafin kaɗai, kada ka yi amfani da wanda yaron shagon waya ya buɗe maka ranar da ka sayi wayar. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan imel zai rataya: sunan shafi, masaukinsa (wurin da ake ajiye shafin a intanet), kuɗin talla. Wanda ya riƙe imel ɗin shi ne mai shafin, ko da hotonka ne a gaba.

Kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba kafin a shiga. A nan akwai abin da mu mutanen jihar nan ya kamata mu fi kowa lura da shi. A watan Satumba 2021 an katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da Jibiya, aka yi watanni a haka. Wanda tsaron imel ɗinsa ya dogara da saƙon tes kaɗai, idan babu sabis, ko layin ya ɓata, ko an rufe shi saboda rikicin NIN, ya kulle kansa a waje. Don haka ka shiga sashen tsaro na asusun Google ka nemi lambobin ko-ta-kwana. Guda 10 ake ba ka, kowace tana aiki sau ɗaya. Kwafe su da biro a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Ka kuma sauke manhajar Google Authenticator, wadda ke fitar da lambar shiga ko babu sabis.

Mataki na 2: Blogger ko WordPress

Waɗannan biyun manhajoji ne da ake gina shafi a kansu. Gardamar wanne ya fi ba ta ƙarewa a tsakanin samarin da suka ɗan taɓa harkar, kuma yawanci kowa abin da ya fara da shi yake karewa.

Blogger tsoho ne, tun 1999, Google ta saye shi a 2003. Kyauta ne, ba ka biyan kuɗin masauki, ba ka damuwa da sabunta komai, kuma da wuya ka ji an yi masa kutse in dai imel ɗinka na da tsaro. Aibinsa shi ne ƙunci: abin da aka ba ka shi ke nan, kuma har yanzu a hannun Google kake.

WordPress ya fito a 2003, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi, yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Amma iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. WordPress.com kamfani ne da ke ba ka wuri, kyautarsa tana da takura sosai. WordPress.org shi ne manhajar kanta, kyauta, wadda kake ɗorawa a masaukin da ka biya kuɗinsa. Idan ka ji ana yabon WordPress, na biyun ake nufi.

Ra'ayina: ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Hassan Usman da bai tabbatar zai jure rubutu wata shida ba, ya fara da Blogger. Kuɗin masauki duk shekara ake biya, kuma shafuka da yawa a shekara ta biyu suke mutuwa, ranar da kuɗin sabuntawa ya zo aljihu babu komai. Makaranta, ko jarida, ko mai sayar da atamfa da turaren wuta da ke son a yi oda ta shafin, ko duk inda mutum fiye da ɗaya zai riƙa rubutu, su tafi WordPress kai tsaye. Kuma ana iya ƙaura daga Blogger zuwa WordPress daga baya ba tare da an rasa rubutu ba, muddin ka yi mataki na gaba.

Mataki na 3: Sayen suna

Domen shi ne adireshin da ake bugawa a burauza a iso gare ka. Blogger zai ba ka na kyauta mai ƙarewa da blogspot.com, amma wannan ba naka ba ne. Naka shi ne wanda ka biya, ka yi rajistarsa da sunanka.

Na Najeriya su ne masu ƙarewa da .ng, hukumar NiRA ce ke kula da su, ana kuma saya ta hannun kamfanonin da ta amince da su, irin su QServers. Mai .com.ng ya fi .ng zalla araha. Mai .com kuwa asalin farashinsa da dala ne, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin sabunta shi zai tashi. Kamfanonin gida suna karɓar naira ta taransfa ko kati, abin da ke raba ka da wahalar biyan kamfanin waje.

Sunan ya zama gajere, wanda za ka iya faɗa wa mutum a kan babur ya riƙe. Kada ka sa karan-ɗori ko lambobi. Kada ka sa harafi mai lanƙwasa, k da d da b na yau da kullum za ka yi amfani da su a nan. Ka kuma guji sunan da zai ɗaure ka: wanda ya sa wa shafinsa sunan zaɓen wata shekara, bayan zaɓe sai ya rasa abin yi da shi.

Yanzu ga babban gargaɗi. Idan wani ne zai yi maka aikin, ka zauna kusa da shi ya yi rajistar da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ka sa kalmar sirri. An sha ganin makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi sun biya an yi musu shafi, bayan shekara biyu suka saɓa da wanda ya yi, sai ta bayyana sunan a asusunsa yake. Ba lallai mugunta ba ce, wani lokaci ya tafi hidimar ƙasa ne ya canza layi. Sakamakon dai ɗaya ne.

Mataki na 4: Haɗa sunan da shafin

Idan Blogger ka zaɓa, shiga blogger.com da burauzar Chrome, ka kunna yanayin kwamfuta daga ɗigo ukun da ke sama, domin manhajar Blogger ta waya ba ta nuna duk saitin. A cikin saiti akwai wurin sa domen naka. Rubuta shi da www a gaba. Zai ƙi karɓa da farko, ya nuna maka layuka biyu na CNAME, wato bayanan da ke haɗa domen ɗinka da Blogger. Wannan ba matsala ba ce, haka tsarin yake. Na farko sunansa www, yana nuni zuwa ghs.google.com. Na biyu haruffa ne a cakuɗe, naka ne kai kaɗai, shi ke tabbatar wa Google kai ne mai sunan.

Koma asusunka na kamfanin da ka sayi domen, nemi sashen DNS, inda ake saita wurin da domen zai kai mutum, ka shigar da layukan biyu daidai yadda suke. Sannan ka ƙara layuka huɗu na A domin wanda bai rubuta www ba shi ma ya iso: 216.239.32.21 da 216.239.34.21 da 216.239.36.21 da 216.239.38.21. Ajiye, ka jira. Wani lokaci cikin awa ɗaya ya kama, wani lokaci sai ya kwana. Kada ka yi ta sauye-sauye saboda gajen haƙuri, nan ake ɓata aikin. Da ya kama, kunna HTTPS, wato tsaron shafin, a saitin Blogger.

Idan WordPress ne, sayi masauki mafi ƙanƙanta a kamfanin da ka sayi domen, sabon shafi ba ya buƙatar fiye da haka. Za su turo maka hanyar shiga cPanel, wurin da ake sarrafa masaukin. A ciki nemi Softaculous, mai ɗora manhaja a masauki, zaɓi WordPress, cike sunan shafi da kalmar sirri, ka danna. Kada sunan shigarka ya zama admin, shi masu kutse ke fara gwadawa. Tabbatar akwai shaidar tsaro ta SSL, wadda yawancin kamfanoni ke bayarwa kyauta ta hanyar Let's Encrypt. Tun watan Yuli 2018 Chrome ke yi wa duk shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, kuma mai karatu da ya ga haka juyawa yake yi.

Mataki na 5: Riga mara nauyi

Ka tuna wanda zai karanta ka. Ba a ofis yake da wayafai (Wi-Fi) ba. Yana Mai'aduwa ko Batsari ko cikin motar haya tsakanin Katsina da Daura, da Tecno ko Itel, sabis na hawa yana sauka, caji na kashi 15 saboda KEDCO ba ta kawo wuta ba. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairu 2025, kowa lissafin megabait yake yi. Shafin da ya cika da hotuna masu zagayawa da rubutu mai gudu da agogo da waƙar da ke tashi da kanta, kafin ya buɗe mutumin ya tafi.

A WordPress zaɓi riga, wato tsarin kamannin shafin, mai sauƙi irin GeneratePress ko Astra, na kyautarsu sun isa. A Blogger waɗanda suka zo da shi, kamar Contempo, sun fi yawancin na waje sauri. Kada ka karɓi rigar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a zaurukan WhatsApp da Telegram. Sau da yawa an cusa mata abin da zai riƙa tura masu karatunka shafukan caca ko na batsa, kai ba ka sani ba sai wani dattijo ya kira ka.

Fulogin ma, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, kaɗan: ɗaya na taimaka wa bincike, Yoast ko Rank Math amma ba duka biyu ba, ɗaya na ajiyar kwafi wato UpdraftPlus, ɗaya na sauri. Kowane ƙari nauyi ne kuma ƙofa ce.

Hoto shi ne babban mai cin data. Wanda wayarka ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. Kafin ka ɗora, buɗe squoosh.app a burauza, rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ka mayar da shi WebP, nau'in hoto mara nauyi. Zai dawo wajen kilobait 100 zuwa 150, kuma a fuskar waya ba za a ga bambanci ba. Bayan haka sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Gwajin da na fi yarda da shi dai shi ne ka kashe wayafai, ka mayar da wayar kan 3G, ka buɗe shafin da Opera Mini.

Mataki na 6: Ƙ da Ɗ da Ɓ

A nan masu koyarwa da Turanci ba za su taimake ka ba, don matsalar ba tasu ba ce.

Fara da madannai. A saitin Gboard ƙara harshen Hausa na Najeriya, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, ko a fili ko ta danne k da d da b. Yi amfani da su a cikin rubutu. Shafin da ke son a ɗauke shi da daraja, malaman makaranta su tura wa ɗalibai, bai kamata ya bar mai karatu yana cankar ma'ana ba.

Sai salon haruffa. Ba kowane ne ke ɗauke da waɗannan haruffan ba. Idan babu su, burauza za ta aro daga wani salon, sai ka ga ɗ ta fi sauran girma ko ta karkace a tsakiyar kalma, a tsohuwar waya ma akwati kawai za a gani. Noto Sans yana da su duka, haka Andika. Kafin ka tsayar da riga, rubuta gwaji mai ɗauke da manya da ƙananansu, ka duba shi a kanun labari da cikin rubutu, a waya biyu ko uku.

Na uku shi ne wanda kusan kowa ke mantawa: adireshin kowane rubutu. Manhajar daga kanun labarinka take ƙirƙiro shi. Idan akwai harafi mai lanƙwasa, ko dai ya ɓace kalmar ta gutsure, ko kuma idan aka kwafo adireshin zuwa WhatsApp ƙ ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, mahaɗin ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara. Kafin ka wallafa, gyara adireshin da hannu: kalma uku ko huɗu, da haruffa marasa lanƙwasa. Yin hakan yana da wata riba, domin yawancin masu bincike a Google ba sa sa lanƙwasa idan suna bugawa. Bayan an wallafa kuma kada ka sake taɓa adireshin, mahaɗin da aka riga aka raba yana iya mutuwa.

Mataki na 7: Abin da za ka rubuta, da yadda Google zai gan shi

Yi rajista a Google Search Console, ka tabbatar da mallaka, ka miƙa taswirar shafi, wato jerin adireshin duk rubutunka. A Blogger adireshinka ne da /sitemap.xml a ƙarshe. WordPress yana yin tasa tun 2020 a /wp-sitemap.xml, idan kuma ka sa Yoast ko Rank Math za su ba ka tasu. Bayan 'yan makonni za ka fara ganin ainihin kalmomin da mutane suka buga suka same ka. Wannan ya fi duk wata shawarar masana.

Kwafo labarin BBC Hausa ko Aminiya ka liƙa ba zai kai ka ko'ina ba. Google ya san inda ya fara fitowa, kuma haƙƙin mallaka ne ka taka. Inda gibi yake shi ne abin da kai ka sani wanda babu shi da Hausa a intanet: yadda ake cike fom ɗin JAMB ba tare da kuskuren suna ba, abin da baƙo zai tarar idan ya je rijiyar Kusugu ko hasumiyar Gobarau, yadda hawan sallah ke gudana a Daura, farashin hatsi a kasuwar Dandume mako-mako, gyaran famfon sola. Mai irin wannan rubutu ba shi da abokin gasa sosai, kuma bayan shekara uku ana nan ana nemansa.

Rubuta a Google Docs ko Keep tukuna, suna aiki ko babu data, sannan ka kwafe zuwa shafin. Blogger da WordPress duka suna ba ka damar tsara ranar da rubutu zai fita da kansa, saboda haka ranar da ka samu wuta da sabis mai kyau ka loda na mako guda. Idan ya fita, kai mahaɗin Facebook da tashar WhatsApp tare da layi biyu masu jan hankali, kada ka zuba rubutun duka a can.

Ka kuma yi hattara da abin da kake faɗa a kan mutane. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama masu rubutu da shi. Zargin da ba ka da takarda ko shaida a kansa, bar shi.

Mataki na 8: Maganar kuɗi

Da yawa saboda AdSense, tsarin Google na sa talla a shafi ya biya mai shi, suke buɗe shafi, gara su ji tun yanzu: zuwa lokacin wannan rubutu Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense ke karɓa, don haka shafin Hausa zalla yakan sha ƙi. Masu samun amincewa galibi suna da sashen Turanci mai ƙarfi. Ko an karɓe ka, sai kuɗinka ya kai dala 10 a aiko maka da lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya, sai ya kai dala 100 a biya ka. Danna tallarka da kanka, ko haɗa zauren "danna min in danna maka", rufe asusu yake jawowa. Masu sayar da asusun AdSense da aka riga aka amince da shi kuma, ka bar musu kayansu.

Kuɗin da ya fi kusa yana cikin gari. Makarantar Islamiyya mai neman ɗalibai, mai shagon sola, mai ɗinki, mai sayar da fili, duk suna son a san da su, kuma sun fi yarda da wanda suke gani a masallaci. Nuna musu alƙaluman masu ziyara na gaskiya, ku yi ciniki na wata-wata, ka kuma rubuta a fili cewa talla ce. Idan kana da abin koyarwa, haɗa shi ƙaramin littafi na PDF ka sayar ta Selar ko Paystack, kuɗin ya shigo asusunka da naira.

Mataki na 9: Kwafi da ranar sabuntawa

A WordPress saita UpdraftPlus ya riƙa tura kwafin shafin zuwa Google Drive duk mako. Kada ka dogara da kwafin da kamfanin masauki ya ce yana ajiyewa, domin idan matsalar daga wurinsu ce, tare za su tafi. A Blogger akwai wurin sauke kwafin rubutu a cikin saiti, yi haka duk wata, ka sauke kwafin rigar ma kafin ka taɓa ta. Idan WordPress ya nuna akwai sabuntawa, ɗauki kwafi tukuna sannan ka sabunta.

Domen shekara-shekara ake biya. Idan ranar ta wuce shafin zai ɗauke, a ba ka ɗan wa'adi, bayansa kuɗin fansa ya ninka, daga nan kuma a sake shi kasuwa kowa ya iya saya. Kamfanin zai turo gargaɗi ta imel, wanda shi ne dalilin da ya sa imel ɗin mataki na farko ya zama wanda kake buɗewa. Sa ƙararrawa a kalandar waya wata ɗaya kafin ranar, idan kuma da hali biya na shekara biyu a haɗe. Shafin makaranta ko ƙungiya kuwa, a rubuta imel da kalmomin sirri da sunan kamfanin da ranar sabuntawa a takarda ɗaya, a sa a ambulan, shugaba ya riƙe ɗaya, sakatare ya riƙe ɗaya.